Daga Aji zuwa Fagen Aiki: Hulɗa da Gogewa ga Ɗalibin Kimiyyar Harshe

Gabatarwa

Ranar da ɗalibi ya kare kundin bincikensa a gaban malamai, ƴan'uwa da abokai kan cika zaure, a yi ta ɗaukar hotuna, a sha lemo, a watse. Bayan mako biyu ko uku sai wata tambaya ta fara bin sa duk inda ya shiga, daga gida har fada: "To, yanzu sai ina?" Wanda ya karanci likitanci ko aikin gona ba ya shan wahalar amsawa. Wanda kuwa ya shafe shekara uku ko biyar yana nazarin furuci, tsarin sauti, ƙirar kalma da ginin jimla, sau da yawa sai ya fara bayyana wa mai tambayar mene ne kimiyyar harshe kafin a zo zancen aiki.

Sanarwar neman ma'aikata ma ba ta sassauta masa, domin galibi takan nemi gogewar shekara biyu ko uku, alhali ba a gogewa sai an yi aikin. Bugu da ƙari, da yawa daga cikin ƙananan ayyukan da suka dace da masanin harshe, kamar fassara takardar tambayoyi, mayar da hirar da aka naɗa zuwa rubutu, ko tafinta na kwana uku, ba a ma liƙa sanarwarsu. Mai aikin yakan ɗaga waya ne ya tambayi wani da ya yarda da shi: "Wa ka sani da ya iya rubuta Hausa daidai?" Sunan da ya fara faɗo wa wanda aka tambaya, shi ke samun aikin.

Wannan maƙala za ta duba abubuwa biyu da ke sa sunan ɗalibi ya faɗo a irin wannan lokaci, wato hulɗar sana'a da gogewar aiki. Za ta fara da abin da ilimin walwalar harshe ya riga ya koyar game da hulɗa, sannan ta zo kan wuraren da aikin yake a Nijar, da hanyoyin tara gogewa tun kafin a bar jami'a.

1. Darasin da ke cikin ilimin walwalar harshe

A tsakiyar shekarun 1970, Lesley Milroy ta gudanar da bincike a unguwanni uku na ma'aikata a birnin Belfas na Ailan ta Arewa, ta kuma wallafa sakamakonsa a 1980. Ta auna saƙar hulɗar kowane mai magana ta fuska biyu. Ta farko ita ce kaurin saƙar: shin mutanen da ya sani, su ma sun san junansu? Ta biyu ita ce yawan zaren da ke tsakaninsa da mutum guda: shin maƙwabcinsa shi ne kuma ɗan'uwansa, shi ne abokin aikinsa, shi ne abokin hirarsa? Ta gano cewa iya kaurin saƙa da yawan zarenta, iya riƙon da mutum ke yi wa karin harshen unguwarsu. Daga baya ita da James Milroy suka nuna ɗaya gefen lamarin, cewa sabon furuci yakan tsallaka daga wata unguwa zuwa wata ta bakin mutanen da hulɗarsu ba ta da kauri, masu shiga nan su fita can.

Wannan tunani na biyu sun gina shi ne a kan aikin Mark Granovetter, masanin zamantakewa ɗan Amurka, wanda ya wallafa shahararriyar maƙalarsa a 1973. Granovetter ya tambayi ma'aikatan da ba su daɗe da sauya aiki ba a wani gari kusa da Boston yadda suka ji labarin sabon aikin. Cikin waɗanda suka ji ta bakin wani, ƙasa da kashi 17 cikin 100 ne suka ce suna yawan ganin mutumin. Sauran duk jefi-jefi suke haɗuwa da shi, ko ma da ƙyar. Dalilin a bayyane yake: aminan mutum suna zaune inda yake zaune, suna jin abin da yake ji. Labarin da bai sani ba yana hannun wanda ke yawo a wata da'ira daban, wato wanda Bahaushe zai ce tsakaninsu sanin shanu ne kawai.

Idan aka ɗora wannan ma'auni a kan rayuwar ɗalibi a Yamai, Maraɗi, Damagaram ko Tawa, za a ga cewa fadar da yake shan shayi a cikinta matsattsiyar saƙa ce. Ƴan aji ɗaya ne, wataƙila ƴan gari ɗaya, ɗakin kwanansu ɗaya. Amfaninta babba ne, domin ita ke ranta masa kuɗi, ita ke jinyarsa in ya kwanta. Sai dai duk wanda ke cikinta yana neman irin aikin da yake nema, kuma abin da ɗaya ya ji, duka sun ji. Labarin aiki ya fi zuwa daga tsohon ɗalibin sashe da ya fita shekara biyar da suka wuce, ko ma'aikaciyar rediyon da aka taɓa haɗuwa da ita wajen taro, ko malamin makarantar gwaji da aka yi hira da shi lokacin tattara bayanan kundi.

Akwai wani ƙaramin darasi a dabarar Milroy kanta. Da ta tashi shiga waɗannan unguwanni, ta gabatar da kanta a matsayin abokiyar aboki, tana ambaton sunan wani da mutanen suka sani, aka kuwa buɗe mata ƙofa. Ɗaliban da suka yi binciken fili sun san haka, domin babu mai isa ƙauye da rikoda ya fara naɗa ba tare da ya bi ta wurin mai gari ba. Dabarar shiga fagen aiki ba ta da nisa da wannan.

2. Arzikin mutane da bambancinsa da "hanya"

Hulɗar sana'a ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Emmanuel Grégoire, a littafinsa na 1986 kan Alhazan Maraɗi, ya bayyana yadda ake auna ɗan kasuwa da arzikin mutane, ba da dukiya kaɗai ba, da yadda bara ke shafe shekaru yana hidima ga ubangidansa har ya san hanyoyin fatauci, ya san mutane, a ƙarshe a ba shi jari ya tsaya da ƙafarsa. Abner Cohen ma, a littafinsa na 1969 kan Hausawan unguwar Sabo ta Ibadan, ya nuna yadda ake cinikin shanu da goro bisa bashi tsakanin mutanen da ba su san juna ba, saboda akwai maigida da dillali da suka tsaya a tsakani. A duka misalan biyu, abin da ke yawo cikin saƙar shi ne shaida: wane ya iya aikin, wane yana cika alkawari.

Nan ne ya kamata a raba hulɗa da abin da ake kira "hanya" ko "sanayya". Ɗalibai da dama, musamman waɗanda suka fito daga karkara ba su da kowa a manyan ofisoshi, sukan ɗauki duk wani zancen hulɗa a matsayin suna mai daɗi da aka raɗa wa son kai. Zargin yana da tushe, domin ana ɗaukar wanda bai cancanta ba saboda ɗan wane ne, kuma wannan zalunci ne ga wanda ya cancanta. Amma akwai gwaji mai sauƙi da ke bambance su. Wanda ya shigar da mutum ta "hanya" bai damu da ko ya iya aikin ba. Wanda ya ba da shaida kuwa ya jinginar da mutuncinsa ne, in wanda ya turo ya ɓata aiki, gobe ba za a ƙara tambayarsa ba. Saboda haka malami mai kishin sunansa ba ya tura ɗalibin da bai ga aikinsa ba, ko da garinsu ɗaya.

Wannan bambanci albishir ne ga ɗan talaka. Dangi a ma'aikata gadonsu ake yi, mai shi ya samu, marar shi ya rasa. Shaida kuwa ana iya gina ta daga tushe, kuma kayan gininta aiki ne da wani ya gani da idonsa.

3. Ina aikin yake?

Fage na farko shi ne ilimi. Nijar ta buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da harshen gida a Damagaram a 1973. Dokar tsarin ilimi ta 1998 ta ba harsunan ƙasa gurbi a makaranta, dokar 31 ga Disamba 2001 ta lissafa harsuna goma a matsayin harsunan ƙasa, sannan kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Doka ba ta rubuta littafin karatu, ba ta ƙirƙiro kalmar lissafi ko ta shari'a, ba ta horar da malami. Waɗannan ayyukan mutane ne, kuma cibiyoyi irin su INDRAP, mai kula da kayan koyarwa, da IFAENF, mai horar da jami'an yaƙi da jahilci, na cikin wuraren da ake yin su.

Na biyu shi ne bincike da adana tarihi. Cibiyar CELHTO da ke Yamai, wadda aka kafa a 1968 da tallafin UNESCO kuma take ƙarƙashin Tarayyar Afirka a yau, tana riƙe da ɗimbin faya-fayen adabin baka. Cibiyar IRSH ta Jami'ar Abdou Moumouni tana da taskar rubuce-rubucen Larabci da na ajami da Boubou Hama ya assasa tarawa. Cibiyar LASDEL, da aka kafa a 2001, bincikenta ya dogara ne da doguwar hira da mutane cikin harsunansu. Ɗalibin da ya iya karanta ajami, ko ya iya mayar da magana rubutu ba tare da ya gyara wa mai magana bakinsa ba, yana da abin da irin waɗannan wurare ke buƙata.

Na uku kafofin watsa labarai ne: Muryar Sahel da Télé Sahel, gidajen rediyo masu zaman kansu irin su Anfani, Ténéré da Saraounia, Studio Kalangou da ya fara aiki a 2016 yana shirya labarai cikin harsuna biyar, da rediyoyin al'umma da ke warwatse a jihohi. Kowace rana ana fassara labarai daga Faransanci cikin gaggawa, kuma a teburin fassarar nan ne ake yanke hukunci kan kalmomin da miliyoyin mutane za su ji.

Na huɗu shi ne binciken fili na hukumar ƙididdiga ta ƙasa, INS, da na ƙungiyoyin agaji da na raya ƙasa. Misali ɗaya ya isa ya nuna darajar masanin harshe a nan. A kasuwannin Nijar ana ƙirga kuɗi da dala, wato sefa 5. Matar da aka tambaya nawa ta kashe a cefane ta ce "ɗari", sefa 500 take nufi, in ta ce "jika biyu" kuma 2000. Mai tambayar da ya rubuta 100 ya rage adadin sau biyar, kuma babu kwamfutar da za ta gano kuskuren daga baya. Haka nan takardar tambayoyin da aka fassara da daidaitacciyar Hausa ba lallai ta zauna daidai a kunnen Ba'adare ko Bagobiri ba, inda ake cewa "tahi" da "hwara" da "ɗiya". Wanda ya nazarci karin harshe shi ya fi dacewa ya gwada takardar kafin a fita da ita.

Na biyar shi ne fasahar zamani. Google Translate ya sanya Hausa tun 2013, kuma na'urorin fassara da na gane magana suna buƙatar rubutu da murya masu inganci. Mafi yawan abin da aka ciyar da su Hausar Kano ce da ta gidajen rediyon duniya. Kare-karen Nijar da kalmomin aro daga Faransanci ba su da wakilci sosai, wannan giɓi kuwa ɗan ƙasa ne ya fi cancanta ya cike shi.

4. Sitaj, aikin sa kai da bautar ƙasa

Hanyar farko ta tara gogewa ita ce sitaj. Kuskuren da aka fi yi shi ne a jira sai an kammala karatu, alhali dogon hutun ƙarshen shekara ta biyu ta lisans ya isa a fara. Kuskure na biyu shi ne a nemi babban ofis a Yamai kawai. A babban ofis ɗan sitaj yakan ƙare da ɗaukar fayil da aiken foto-kwafi. A rediyon al'umma na ƙaramin gari, inda ma'aikata ba su da yawa, cikin mako guda ana iya damƙa masa fassarar labarai ko shirin minti goma sha biyar.

Sitaj yana zama gogewa ne idan an cika wasu sharuɗɗa. Ya kamata a sami yarjejeniya a rubuce tsakanin sashe da wurin aikin, mai faɗin ranar farawa da ta gamawa. Ya kamata a san mutum guda da zai kula da ɗalibin, a kuma yarda tun farko kan aikin da zai kammala kafin ya tafi, ko da ƙarami ne, kamar jerin kalmomi 200 na kiwon lafiya da fassararsu. Ɗalibin kuma ya riƙe littafin da yake rubuta abin da ya yi kullum: shafi nawa ya fassara, minti nawa ya mayar rubutu, wace kalma ta gagare shi, yaya aka warware ta. A ƙarshe ya karɓi takardar shaida mai sa hannu da hatimi kafin ya bar wurin, domin shugabanni na sauyawa, kuma wanda ya zo daga baya ba ya shaidar abin da bai gani ba.

Bautar ƙasa ta shekara biyu ita ma gogewa ce, ko da yake da yawa sukan ɗauke ta lokacin jira kawai. Wanda aka tura koyarwa a kwaleji yana da aji cike da yara masu harsuna biyu ko uku, wato filin bincike kan koyon harshe na biyu ya zo masa har gida. Wanda aka tura ofis yana iya zama mutumin da ake nema duk lokacin da za a fassara sanarwa. Yin rajista da hukumar samar da aikin yi, ANPE, shi ma mataki ne da bai kamata a yi sakaci da shi ba.

Kundin bincike kansa aiki ne, in an san yadda za a faɗe shi. Ɗalibin da ya naɗi hira da masu magana talatin a ƙauyuka huɗu, ya nemi izininsu, ya mayar da hirar rubutu, ya tsara bayanan, ya riga ya yi duk abin da ake nema ga mai binciken fili. Amma a takardar tarihin karatu da aiki, wadda aka fi sani da CV, sai ya rubuta taken kundin kawai. Mai ɗaukar aiki bai san me ake nufi da naso ko tsarin gaɓa ba, abin da yake ganewa shi ne adadin hirarraki, sunayen garuruwa, harsunan da aka yi amfani da su, da manhajar da aka yi aiki da ita.

5. Abin da ake iya nunawa

Gani ya kori ji. Masanin harshe yana da sa'ar cewa aikinsa yana shiga cikin waya ko ƙaramin fayil. Kafin ya gama masta, ɗalibi na iya tara samfura huɗu ko biyar: fassarar shafi biyu daga Faransanci zuwa harshensa da akasin haka, hira ta minti goma da aka mayar rubutu aka daidaita da sauti, ƙaramin ƙamus na wani fanni, da gajeren rubutu nasa na kansa mai bin ƙa'idojin da aka tsayar a 1999.

Kayan aikin kyauta ne. ELAN na daidaita rubutu da sauti ko bidiyo, Praat na nazarin furuci, FLEx na tsara ƙamus da rarraba kalmomi, KoboToolbox kuma shi ne abin da ƙungiyoyi da yawa ke cike takardun tambayoyi da shi a waya. Ko sanya allon rubutu mai ɗauke da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ a kwamfuta, ƙwarewa ce da ke bambanta mai nema da sauran, domin rubutun da ya kasa raba "kafa" da "ƙafa" ya riga ya ba da shaida a kan mai shi.

Akwai kuma ayyukan sa kai na intanet da ke barin sawu. Wikipedia ta Hausa tana ajiye tarihin duk gyaran da mutum ya yi da sunansa. Common Voice na Mozilla yana karɓar murya da tantance jimloli. Ƙungiyar Masakhane, da aka kafa a 2019, tana haɗa masu binciken sarrafa harsunan Afirka da kwamfuta, kuma ƙofarta a buɗe take ga masana harshe ko da ba su iya tsara manhaja ba. Wanda ya yi aiki a irin waɗannan wurare yana samun samfuri, yana kuma samun sanin mutanen Kano, Zariya, Dakar ko Nairobi da ba zai taɓa haɗuwa da su a fadarsu ba.

6. Harshen ƙulla hulɗa

Bronislaw Malinowski ya yi bayani a 1923 kan maganar da ba saƙo take ɗauke da shi ba, amfaninta kawai ta riƙe zumunci, Roman Jakobson kuma ya sanya ta cikin ayyukan harshe shida a 1960. Bahaushe ya daɗe da sanin wannan, shi ya sa gaisuwarsa take da tsawo, shi ya sa kuma ya ce zumunta a ƙafa take. Hulɗar sana'a tana mutuwa idan ba a jin mutum sai ranar da yake da buƙata. Gaisuwar salla, taya murnar ƙarin girma, ko aika wa malami maƙalar da ta shafi fanninsa, su ne ke riƙe zaren har ranar da za a ja shi.

Ranar neman kuwa, siffar roƙon tana da tasiri. Wanda ya ce wa babba "a taimaka mini da aiki" ya ɗora masa nauyin da mai yiwuwa ba shi da ikon ɗauka, kuma ya sa shi cikin kunyar cewa a'a, sai ya zaɓi yin shiru. Roƙo ƙarami mai iyaka ya fi samun amsa. A misali: "Malam, barka da aiki. Ni ɗalibar masta ce a sashen kimiyyar harshe, na saurari jawabinku a taron makon jiya. Ina aiki kan kalmomin kiwon lafiya a Gobiranci. Ko za ku ba ni minti goma sha biyar, duk ranar da ta yi muku, in nuna muku jerin da na haɗa ku gyara mini?" Wannan saƙo ya faɗi ko wace ce, ya faɗi inda aka haɗu, ya yi amfani da jam'in girmamawa, ya nemi abin da mutumin yake da shi, wato ilimi, ya kuma ba shi damar ganin aikinta. In wani aiki ya taso bayan wata uku, ya riga ya san wadda zai ambata.

Zaɓin harshe ma abin lura ne. Takardar neman aiki ta hukuma tana da tsayayyen salo, kuma kuskuren nahawu a cikinta ya fi muni idan daga masanin harshe ya fito. Saƙon WhatsApp ga wanda ba a saba da shi ba ya kamata ya zama rubutacce, cikakke, a lokacin aiki. Doguwar murya ta minti biyar da tsakar dare ba ta dace ba.

Wuraren haɗuwa suna da yawa, kuma mafi yawansu ba a biyan kuɗin shiga: zaman kare kundi na wasu, inda ake gayyato masana daga waje, tarukan ƙara wa juna sani na sashe, Ranar Harshen Uwa ta 21 ga Fabrairu, da Ranar Hausa ta Duniya ta 26 ga Agusta. Ɗalibin da ya ɗauki nauyin rubuta rahoton taro ko tarbar baƙi ya fi wanda ya zauna a baya samun damar magana da su.

7. Inda ake taka tsantsan

Hulɗa tsakanin mai nema da mai bayarwa ba ta daidaita ba, saboda haka tana da haɗari. Akwai sitaj da ake ta sabuntawa ba biya ba ɗauka, har mutum ya shekara biyu yana aikin ma'aikaci kyauta. Maganinsa shi ne ranar gamawa a rubuce. Akwai fassarar da ake karɓa a ce "za a ga abin da za a yi", shi ya sa ya kamata a yi ciniki kan shafi ko kan mintin sauti kafin a fara, a kuma tambayi waɗanda suka riga shiga sana'ar farashin da ake yi, don kada sabon shiga ya karya kasuwa ya cuci kansa da ƴan'uwansa. Akwai sanarwar bogi da ke yawo a waya tana neman kuɗin buɗe fayil. Aikin gaskiya ba ya fara da karɓar kuɗi daga mai nema.

Ɗalibai mata suna fuskantar wani nauyi na daban, domin akwai masu mayar da neman shawara wata ƙofa ta neman abin da bai dace ba, akwai kuma tsegumin jama'a ko da babu abin da ya faru. Haɗuwa a ofis a lokacin aiki, zuwa su biyu, da neman tsofaffin ɗalibai mata da suka riga shiga aiki, duk suna rage wannan. Amma nauyin gyaran yana kan sashe da hukumomin jami'a, waɗanda ya kamata su tanadi wurin kai ƙara da ɗaliba za ta amince da shi.

A ƙarshe akwai amanar bayanai. Hirar da aka naɗa a wurin aiki mallakar masu aikin ce da mutanen da suka yi magana. Sanya ta cikin samfuri ko kundi ba tare da izini ba yana iya rushe shaidar da aka yi shekaru ana ginawa.

Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa labarin aiki ya fi bin sako-sakon zare, cewa abin da ke tafiya a kan zaren shaida ce, kuma shaida tana buƙatar aikin da aka gani. Wani kaso na wannan nauyi yana kan ɗalibi, wani kuma yana kan sashe. Ƙungiyar ɗaliban kimiyyar harshe tana iya farawa da abu mai sauƙi: rajistar tsofaffin ɗalibai da wuraren da suke aiki, gayyato biyu daga cikinsu kowane zangon karatu su yi bayanin aikinsu, da zaman koyon ELAN ko KoboToolbox da ƴan masta za su riƙa yi wa ƴan lisans. Malamai kuma suna iya sanya hannu kan yarjejeniyar sitaj da gidajen rediyo da cibiyoyin da ke garuruwansu, domin ɗalibin da ba shi da kowa a birni ya sami ƙofar da zai fara ƙwanƙwasawa tun yana shekara ta biyu.